Tambaya da Amsa: Jirginmu ya kusa taɓa ƙasa a Abuja, sai ya koma sama

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan saukar jirgin sama ne, ina ga damina ce ta jawo, don haka na tattara su wuri ɗaya. Ga waɗanda ba su sani ba, ni ba matuƙi ba ne, aikin ƙasa na yi a filin jirgi shekara da shekaru, kuma har yau in rahoton binciken hatsari ya fito sai na nemo na karanta.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka cire ni daga duhu. Satin da ya wuce na taso daga Legas zuwa Abuja da yamma, mun iso ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har mun fara hango fitilu ta taga, mun ji tayoyi sun fito, kawai sai injin ya yi wani irin ruri jirgin ya ɗaga kai ya koma sama. Wallahi ba ka jin komai sai salati, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta damƙe min hannu har sai da ya yi ja. Mun yi ta zagaye kusan minti 20 daga ƙarshe aka ce Kano za mu. Wasu maza a baya suka hau zagin direban wai ɗan koyo ne bai iya aiki ba. Ni dai har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Da gaske mun kusa mutuwa ne, ko kuwa rashin iya aiki ne kamar yadda suka ce?
Daga wata 'yar kasuwa a Kubwa

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Na san wannan tsoron, duk wanda ya taɓa shiga bai manta shi. Amma ki kwantar da hankalinki, abin da matuƙin nan ya yi shi ne aikin da aka koya masa, kuma da zan gan shi da na yi masa godiya. Waɗanda suka zage shi ba su san abin da ya kawar musu ba.

Kinga shi jirgin fasinja yana zuwa ƙasa ne da gudun da ya kai wajen kilomita 250 a awa, wato duk daƙiƙa ɗaya yana cinye kusan mita 70. Titin saukar jirgi na Abuja tsawonsa kilomita 3 da rabi da 'yar ɗoriya, da jin haka sai mutum ya ce ai wuri ya wadata, to amma ana so taya ta taɓa ƙasa ne a farko-farkon titin, wajen mita 300 daga baki, saura kuma na birki ne. In jirgi ya zo ya yi sama da yawa ko gudunsa ya wuce ƙima, sai ya yi ta shawagi a saman titin ya ƙi zama, daƙiƙa 10 kacal mita 700 sun tafi. Ga ruwa kwance, birki ba ya kamawa kamar a busasshiyar kwalta. Shi ya sa kamfanoni suke da doka: in an sauko ƙafa 1,000 daga ƙasa a cikin gajimare, ko ƙafa 500 in gari a washe yake, dole a ce jirgi ya daidaita, gudu daidai, tayoyi a waje, yana saitin titi, yana gangarowa a hankali. In ɗaya ya kuskure ba a tsayawa gyare-gyare, a ba inji wuta a koma sama a sake shiri. Rurin da kika ji kenan.

Sannan akwai abin da ya fi ruwan kansa haɗari, wato iskar da ke fitowa daga cikin hadari. Wani lokaci iska takan zubo daga gajimare kai tsaye zuwa ƙasa kamar an kifar da bokiti, ta bugi ƙasa ta watsu ta ko'ina. Jirgin da ya shiga ciki da farko iskar na bugunsa ta gaba sai ya ga kamar gudu ya ƙaru, matuƙi ya rage wuta, kafin ya ankara ta danno shi ta sama, sannan ta koma bayansa, ƙarfin da ke riƙe da fukafukai ya zube, alhali tsakaninsa da ƙasa bai fi tsayin 'yan benaye ba. Jiragen yanzu suna da na'urar da ke yin ihu in ta hango irin wannan, kuma in ta yi ihu babu shawara, tashi ake yi. Mu a Abuja ba sai an ba mu labari ba, irin wannan juyin iskar na cikin abin da ya kayar da jirgin kamfanin ADC ranar 29 ga Oktoban 2006 jim kaɗan bayan tashinsa zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Wancan a tashi ne, amma iskar ɗaya ce.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne hatsarin jirgin kamfanin Sosoliso. Ranar 10 ga Disamban 2005 ya tashi daga nan Abuja zuwa Fatakwal, cike da yara 'yan makarantar Loyola ta Gidan Mangoro za su hutun ƙarshen shekara. Sun isa ana hadari. Akwai wani tsayi da in jirgi ya sauko ya kai shi, to ko dai matuƙi ya ga titi da idonsa ko ya fasa, ba zaɓi na uku. Su sun kai wurin ba su ga titi ba, fitilun titin ma ba a kunne suke ba, suka ci gaba da gangarowa da fatan za su gani, da suka ce bari su fasa lokaci ya ƙure, ga iska ta juya musu. Jirgin ya bugi ƙasa a gefen titi ya ci karo da kwalbatin siminti ya kama da wuta. Mutum 108 cikin 110 suka rasu, ɗalibai 60 a cikinsu, iyayen wasunsu suna tsaye a filin jirgin suna jira. Duk sanda na ji fasinja na zagin matuƙi don ya fasa sauka wallahi yaran nan nake tunawa.

Kuma ba sabon abu ba ne a ce mutum ya ga alama ya ƙi fasawa. Zuciya ce, an yi tafiya an gaji, ga gida ana hangowa, ga jadawali ya riga ya lalace, ga tunanin man da za a ƙona, ga kunyar a ce ka kasa. A Nuwamban 1995 jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Jos ya zo sauka Kaduna, ya shigo a karkace ga iska na tura shi ta baya, kafin tayarsa ta taɓa ƙasa ya riga ya cinye mafi yawan titin, ya zarce cikin busasshiyar ciyawa wuta ta tashi, mutum 11 suka rasu. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Zagaye ɗaya na minti 10 ya ishe su.

Batun tafiya Kano kuwa, tun kafin ku bar Legas an riga an zuba man da zai kai ku wani filin in Abuja ta ƙi, da ƙarin na jira a sama, haka doka ta ce. Ba wai dabara ce ta ƙare masa ba. Ya jira ne ya ga ko hadarin zai wuce, da ya ga man jira na ƙarewa sai ya tafi tun da sauran ƙarfinsa. Na san an ɓata miki lokaci wataƙila har da asarar ciniki, kuma hakkinki ne kamfani ya kula da ku ya dawo da ku, wannan ki nema da bakinki. Amma shi mutumin da ke gaban jirgin ki sa shi a addu'a.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Jos ne, da hunturun bara sau biyu ana soke min jirgi a filin jirgin Heipang wai hazo. Ba ance jirage na da kwamfuta mai sauke su da kansu ba? To meye na wahalar da mutane?
Daga wani ɗan'uwa a Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiya ne akwai jiragen da ke iya sauka da kansu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai jirgin yana da kayan, matuƙan suna da horon da lasisin, sannan shi ma filin yana da na'urar da ta kai wannan matsayin, ga fitilu, ga wutar da ba ta ɗaukewa. Na'urar da ake kira ILS tana ƙasa ne a gefen titi, tana aika wa jirgi sigina biyu, ɗaya na cewa ka yi dama ko hagu, ɗaya na cewa ka yi sama ko ƙasa, sai jirgi ya biyo ta kamar igiya. To ita ma hawa-hawa ce. Mataki na farko yana kawo jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa ne kawai, daga nan sai ido, kuma ana buƙatar a iya hangen wajen mita 550 a kan titin. Mataki na uku ne ke sauke jirgi cikin hazon da ko tafin hannunka da ƙyar kake gani, shi kuma tsada gare shi ga kula da yake buƙata kullum, ba kowane fili ke da shi ba. Inda babu na'urar ma gaba ɗaya ko ta lalace, nisan da ake buƙatar a hanga ya ninka haka sosai.

Ka san yadda buji yake yi a Jos da Kano in ya sauko, rana ta koma kamar faranti. Daga sama in ka leƙa ƙasa tsaye kana iya ganin rufin gidaje, amma matuƙi gaba yake kallo a gicciye, ƙurar da idonsa zai ratsa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ji mutane a filin jirgi suna cewa ai gari ya washe me ake jira, alhali alƙaluman NiMet, hukumar hasashen yanayi, na cewa bai kai ba. Ga filin naku na Yakubu Gowon da ke Heipang a kan tudu yake, kusan mita 1,300 sama da teku, iskar wurin ba ta da kauri kamar ta Legas, don haka jirgi na taɓa ƙasa da gudun da ya ɗara na can kuma yana buƙatar ƙarin titi kafin ya tsaya.

Dattawanmu na Kano ba su manta 22 ga Janairun 1973 ba, tsakiyar hunturu. Jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda za shi Legas, yanayi ya ɓaci can aka karkato shi Kano, wajen sauka ƙafar tayarsa ta karye ya kauce daga titi ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu. A lokacin duk duniya ba a taɓa hatsarin jirgin da ya ci rai haka ba. Ni inda nake ganin ya kamata ƙorafinka ya tafi shi ne wajen NAMA mai kula da sararin samaniya da FAAN mai kula da filayen jirgi, su ke da alhakin na'urori da fitilu da tituna, a tambaye su me aka tanada wa filayen Arewa tunda hazo kowace shekara sai ya zo, ba baƙo ba ne. Su kuma kamfanoni su riƙa sanar da mutane da wuri kafin mutum ya kashe kuɗin mota daga cikin gari zuwa Heipang.

TAMBAYA: Me yasa wani direban yake sauke jirgi sumul wani kuma sai ya buga mu da ƙasa kamar buhu?
Daga wani ɗalibi a Gwagwalada

AMSA: Ɗana, ba kullum saukar sumul ce mai kyau ba. In titi a jiƙe yake da gangan ake dira da ɗan ƙarfi don taya ta huda ruwan ta kama kwalta, in ba haka ba sai ta hau kan ruwa tana sulɓi. Kuma sai jirgi ya ji nauyinsa ya zauna a kan taya sannan farantan nan na saman fukafuki suke miƙewa birki ya fara aiki. Mai lallaɓa jirgi don fasinja su tafa masa titi yake ci.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni a ganina duk tsofaffin jirage ne matsalarmu, gwanjon da Turawa suka gama da su ake kawo mana. Ko ba haka ba?
Daga wani ma'aikacin gwamnati a Nyanya

AMSA: Yallaɓai, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma ba ita kenan ba. Shekarun jirgi ba su ne abin dubawa ba, kulawar da yake samu ita ce, kuma aikin NCAA kenan, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, ta tabbatar ba a yi ha'inci a gyara ba. In aka yi sakaci abu ƙarami ma ya isa. Jirgin alhazanmu da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yulin 1991 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, asalin abin tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba, aka sani aka ce a tafi don kar a makara, suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar, ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Na kamfanin Dana kuma da ya tashi daga Abuja ranar 3 ga Yunin 2012, inji ɗaya ya fara ba da matsala tun a hanya, maimakon a nemi fili mafi kusa aka ce bari a ƙarasa Legas, dab da sauka na biyun ma ya mutu, ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, duka mutum 153 da ke ciki suka rasu har da wasu a ƙasa.

Amma ka duba ɗaya ɓangaren. A 2013 wani Boeing 777 na Asiana ya bugi katangar bakin teku a San Francisco ta Amurka da rana tsaka gari garau, jirgi lafiyayye, matuƙa sun ɗauka kwamfuta na riƙe musu da gudu ashe ba ta riƙe ba, ba wanda ya lura sai da aka makara. A 2007 a Sao Paulo ta Brazil jirgin TAM ya sauka a jiƙaƙƙen titi, aka bar hannun wutar inji ɗaya a gaba, wato inji ɗaya na ja baya ɗaya na tura gaba, ya tsallake titin mota ya shige gini, mutum 199 suka rasu. A Karachi a 2020 jirgin PIA ya zo a sama da yawa da gudu, masu ba jirage hanya daga hasumiya suka ce su zagaya su rage tsayi suka ce ba komai za su iya, suna ta hirar korona, suka dira a kan injina babu taya a waje.

Akwai wanda nake so mu Hausawa mu yi tunani a kansa sosai. A Mayun 2010 jirgin Air India Express daga Dubai ya zo sauka Mangalore, kyaftin ɗin ya sha barci a hanya ya farka jikinsa bai gama saki ba, jirgi ya zo a sama da yawa, mataimakinsa har sau uku yana ce masa a fasa, bai saurara ba, shi kuma bai karɓe tuƙin ba. Titin a kan tsauni yake, suka zarce suka gangara kwari, mutum 158. Mu an tarbiyyantar da mu kan cewa yaro ba ya musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a gaban jirgi ƙa'idar da ake koyarwa ita ce duk wanda ya ce a fasa, ko jiya ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, to an fasa, sai an koma sama a yi bayani. Kyaftin ɗin da mataimakinsa ke tsoron yi masa magana ya fi tsohon jirgi ba ni tsoro.

Kar kuma mu manta da shi kansa filin. A 2005 jirgin Air France ya sauka Fatakwal ya afka cikin garken shanu a kan titi, Allah ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba. Titin Abuja ma sai da ya lalace har aka rufe filin sati 6 a 2017 aka koma Kaduna. Ga tsuntsaye, waɗanda bola da ciyawa da ruwan da ke kwanciya kusa da fili ke jawowa. A Koriya ta Kudu a Disamban 2024 tsuntsaye suka shiga injinan jirgin Jeju, ya sauka a kan cikinsa yana ja, da fili ne a gabansa wataƙila da labarin ya sha bamban, sai ya tarar da ginin kankare a bayan ƙarshen titi, mutum 179 cikin 181 suka rasu. In ka karanta rahotannin NSIB, hukumar binciken hatsari da a da ake kira AIB, da wuya ka ga an rubuta dalili ɗaya tak, kullum abu uku ne ko huɗu suka haɗu a rana ɗaya.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Wata mai zuwa zan raka mahaifiyata Umara kuma bamu taɓa hawa jirgi ba, ita cewa take in kwana ya ƙare ya ƙare, ni kuma tsoro nake ji musamman da naji ance wajen sauka aka fi hatsari. Akwai abin da fasinja zai iya yi?
Daga wata 'yarku a Rikkos, Jos

AMSA: 'Yata, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ki gaida Hajiya. Maganarta gaskiya ce, rai a hannun Allah yake, kuma shi ne ya ce mu yi riƙo da sababi. Abin da kika ji ma haka ne, alƙaluman da kamfanin Boeing ke fitarwa suna nuna kusan rabin munanan haɗurra a 'yan mintocin ƙarshe na gangarowa da sauka suke faruwa. Amma rabin abu ne da shi kansa ba shi da yawa, jirage dubbai ke sauka kowace rana lafiya, hanyar Jos zuwa Abuja da za ku bi a mota ta fi buƙatar addu'arki.

Kuma ko an samu matsala wajen sauka sau da yawa mutane na fita da ransu. A Toronto a 2005 jirgin Air France ya zarce titi cikin ruwan sama ya ƙone ƙurmus, duka mutum 309 sun fita. A Tokyo a Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a kan titi, wuta ta kama, mutum 379 da ke cikinsa duk suka tsira, kuma abin da aka yi ta yabawa shi ne sun bi umarni ba su tsaya jan akwati ba. Ana gwada jirage ne a kan a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi, mutum ɗaya ya tsaya buɗe ma'ajiyar kaya ta sama ya tare hanya ya cinye wa na bayansa lokacinsu.

Don haka da kun zauna ki duba ƙofar da ta fi kusa da ku, ta yiwu a bayanku take, ki ƙirga layin kujeru nawa ne tsakani saboda in hayaƙi ya cika ido ba ya aiki sai lalube. Ki nuna wa Hajiya yadda ake buɗe bel tun jirgi bai tashi ba, ta gwada da hannunta sau biyu ko uku, ɗaga murfin ƙarfen ake yi ba dannawa kamar na mota ba. In an ce za a sauka ki ɗaure mata shi a ƙugu ya kama sosai, ku miƙar da kujera, ku ɗaga labulen taga, takalmi ya kasance a ƙafa kuma mara tsini, ta tattare mayafinta kar ya riƙa jan ƙasa. Fasfo da magungunanta ki sa a 'yar jakar da ke rataye a jikinki. Kar ku miƙe sai jirgi ya tsaya cak an kashe alamar bel, ko da kin ga wasu sun tashi. In kuma kuka ji inji ya yi ruri jirgi ya koma sama bayan kun fara hango ƙasa, ki riƙe hannunta ki gaya mata zagayowa za a yi a sake sauka.

Sauran tambayoyin da suka shigo kan kuɗin tikiti da ɓatan kaya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.